Kaboyin Bakin Kwara: Tarihin Fim ɗin Moustapha Alassane na 1966

A shekarar 1966 aka fitar da fina-finan kaboyi guda uku waɗanda har yau ba a daina zancensu ba. Biyu daga Italiya suka fito. Akwai Django na Sergio Corbucci, wanda Franco Nero yake jan akwatin gawa cikin taɓo, akwai kuma The Good, the Bad and the Ugly na Sergio Leone, inda Clint Eastwood yake tauna guntun sigari yana ƙanƙance ido. Na ukun a Nijar aka yi shi. Tsawonsa minti 34 ne kacal, kuma wanda ya shirya shi saurayi ne ɗan shekara 24 da ya fara neman abinci da kanikanci. Sunansa Moustapha Alassane. Fim ɗin kuwa da Faransanci aka raɗa masa suna, Le Retour d'un aventurier, wato dawowar ɗan yawon duniya, kuma masana fim sukan ƙidaya shi a matsayin fim ɗin kaboyi na farko da ɗan Afirka ya yi da ƴan wasan Afirka.

Ga mutumin Kurgu ko Bagudo a jihar Kebbi, wannan labarin maƙwabta ne. Kogin da ya ratsa Yamai shi ne ya gangaro Gaya, ya raba Nijar da Benin, sannan ya shigo Nijeriya ta wajen Lolo da Illo. Daga Gaya zuwa Yamai, in an bi ta Dosso, tafiyar kusan kilomita 300 ce. Bukkoki da rumbuna da dawakin da ke cikin fim ɗin, da dattawan da ke zaune a gindin itace suna shawara, duk irin waɗanda aka sani ne a ƙasar Dendi da arewacin Borgu.

Kafin a kai ga Alassane sai an san yadda kaboyi ya iso ƙasashen nan. A Kano an buɗe silimar Rex a 1937, aka buɗe Palace a 1952, kuma a lokacin galibin gidajen silima na Arewa a hannun ƴan kasuwa Kwarori suke. A ƙasashen da Faransa ta mallaka, kamfanoni biyu, COMACICO da SECMA, su suka riƙe harkar rarraba fim tun daga Dakar har Yamai. Abin da suke kawowa shi ne wanda ya riga ya gama yawo a Turai ya tsufa, don shi ne mai araha: fina-finan kaboyi, na ƴan fashi, daga baya na Indiya da na Masar. Kaboyi ya fi saurin shiga rai saboda ba ya bukatar a ji Turanci. Da ganin mutum ka san jarumi ne, da ganin wani ka san mugu ne, doki kuwa babu wanda zai koya wa Bahaushe ko Bazabarme darajarsa. Yaran da ke kan benci a gaba, kusa da farin bango, sun san lokacin da za a zaro bindiga tun kafin a zaro, suna ihu suna faɗa wa jarumi ya waiga.

Ƙauyukan bakin iyaka ba su da silima. Abin da yakan kai musu shi ne majigin gwamnati, mai nuna yadda ake noman gyaɗa da auduga da tsabtar gida. Kaboyi ta bakin ƴan ci-rani ya iso musu. Samarin da suka tafi Kumasi da Akra da Abijan da Ikko bayan an gama girbi sukan dawo kafin damina da akwatin ƙarfe, da tabarau, da sabuwar tafiya, da labarin abin da suka gani a silima. Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki wannan rayuwa a fim ɗinsa Jaguar, inda samari uku daga Nijar, Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel, suka taka zuwa ƙasar Gwalkwas neman kuɗi. A wani fim ɗin nasa, Moi, un noir na 1958, ƴan ci-ranin Nijar a unguwar Treichville ta Abijan suna kiran kansu da sunayen taurarin silima. Wanda ya ɗauki sunan Edward G. Robinson shi ne Oumarou Ganda, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indochina, yana dako a tashar jiragen ruwa. A can Kinshasa abin ya fi haka nisa. A shekarun 1950 samarin unguwanni sun kafa ƙungiyoyi da ake kira Bills, daga sunan Buffalo Bill, suna sa malafar kaboyi da gyale a wuya, suna raɗa wa unguwanninsu suna Texas da Santa Fe.

Me waɗannan fina-finai suke faɗa? Wanda ya fi fito da zancen fili shi ne Shane, na George Stevens, 1953. Labarinsa, in aka cire dusar ƙanƙarar da ke kan duwatsun Wyoming, rikicin manoma da makiyaya ne. Wani mai dukiyar shanu, Ryker, ya daɗe yana kiwo a fili ba shinge. Sai ga ƙananan manoma sun zo da takardar gwamnati, sun kafa gidaje, sun kewaye gonaki, sun tare hanyar ruwa. Ryker ya fara da tsoratarwa, ya sa shanunsa suka tattake shuka, daga baya ya ɗauko hayar wani maharbi, Wilson, wanda Jack Palance ya fito a matsayinsa. Sai baƙo Shane, wato Alan Ladd, ya sauka a gidan manomi Joe Starrett, ya ajiye bindigarsa ya kama aikin gona, har ranar da ya ga babu makawa. Ya shiga gari ya kashe Wilson da Ryker, ya hau dokinsa ya tafi da rauni a jikinsa, ɗan manomin yana kiransa bai juyo ba.

Labarin yana da tushe a tarihi. A 1862 gwamnatin Amurka ta yi dokar da ke bai wa duk wanda ya zauna ya noma fili eka 160. A 1874 Joseph Glidden ya yi rajistar waya mai ƙaya, wadda ta sa kewaye gona ya yi arha a ƙasar da ba ta da itatuwa. Cikin shekara ashirin manyan burtalolin da ake kora shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas suka toshe. A watan Afrilu na 1892 manyan masu shanu na Wyoming suka ɗauko hayar maharba daga Texas suka afka wa gundumar Johnson da jerin sunayen mutanen da za su kashe, sai da sojan gwamnati suka shiga tsakani. Daga wannan rikici aka tsamo Shane.

Akwai wuri guda a fim ɗin da nake ganin ya fi harbe-harben daraja. Ryker ya zo gidan Starrett da dare yana ba da hujjarsa: shi ya riga kowa zuwa, shi ya sha wuyar dajin, yanzu an zo an datse masa mashaya da shinge. Duk wanda ya taɓa zama a zauren hakimi a Ka'oje ko Illo lokacin kaka, ana shari'ar ɓarnar gona, ya ji irin wannan magana daga bakin ardo, ya kuma ji amsarta daga bakin mai gona. Fim ɗin ya bar Ryker ya yi maganarsa, ya kuma kashe shi. Waɗanda suka riga su duka biyun zama a ƙasar, wato jajayen Indiyawa, ko fuskarsu ba a nuna ba. Hukuncin Shane shi ne gona ta ci, kiwo ya ja da baya, kuma mai raba gardamar baƙo ne da ya fi kowa saurin hannu. Babu sarki, babu alƙali, babu dattijo. An ce mai shari'a yana can nesa, tafiyar kwanaki.

Wannan shi ne ginshiƙin fim ɗin kaboyi kusan duka: gari ba shi da mai tsawatarwa, sai wani ya zo daga waje da bindiga ya gyara shi. Alassane ya ɗauki ginshiƙin nan ya kafa shi a ƙauyen da yake da sarki da limami da iyaye, ya tsaya ya ga abin da zai faru.

An haife shi a 1942. Tun yana yaro yake yanka kwali yana haska fitila a bayansa, yana nuna wa yaran unguwa wasan inuwa. Zanensa ne ya kai shi cibiyar bincike ta IFAN a Yamai, inda ya haɗu da Jean Rouch ya koyi riƙe kyamara. A 1962 ya yi Aouré, kan aure a ƙauyen Zabarmawa, da La Bague du roi Koda. Ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren, gwanin fim ɗin zane, ya dawo ya yi La Mort de Gandji da Bon voyage Sim, inda kwaɗi suke shugabancin ƙasa, ana yi musu fareti ana busa musu algaitar Turawa. A lokacin Diori Hamani yana mulki, Nijar ba ta fi shekara shida da samun ƴanci ba, kuma kowa ya gane inda kwaɗin suka dosa. Mutum ne mai barkwanci, irin wanda yake faɗin magana mai nauyi yana murmushi.

Labarin fim ɗin kaboyinsa gajere ne. Jimi ya sauka daga jirgin sama, ya dawo daga Amurka, ya iso ƙauyensu da tsaraba. Da ya buɗe akwati sai ga malafuna, da takalma masu ƙaimi, da wanduna, da ɗamarar harsashi, da libarba. Ya raba wa abokansa. Daga ranar babu sauran Kali ko Ibrahim ko Bubakar, sai Black Cooper, da James Kelly, da Casse-Tout, da budurwa guda da ta zama Reine Christine. Kaboyi ba ya tafiya a ƙasa, saboda haka sai an samo dawaki ko ta halin ƙaƙa. Kaboyi yana shan giya yana caca yana faɗa a mashaya, saboda haka su ma suka kama. Suka dinga sukuwa a daji, har ana ganin raƙuman dawa suna gudu a gabansu, abin da Texas ba ta taɓa gani ba. Tun mutanen gari suna kallon abin a matsayin wasan yara har ya kai ga dukan mutane da kwasar dukiya da cin mutuncin manya. Dattawa suka zauna shawara. Rikici ya shiga tsakanin ƴan ƙungiyar, waɗanda suke ganin an wuce gona da iri da waɗanda giyar bindiga ta riga ta bugar, suka juya wa juna makami, aka yi asarar rai.

Mai kallo yana dariya a rabin farko, domin samarin suna kwaikwayon tafiyar Gary Cooper a gaban rumbun gero. Amma Alassane bai yi fim ɗin don ya yi musu dariya kaɗai ba. Shi ma yaron silima ne, ya san daɗin abin, kuma ya ɗauki sukuwar da kyau yadda duk mai son doki zai ji tsikar jikinsa ta tashi. Wani Bafaranshe, Serge Moati, ya bi su wurin ɗaukar fim ɗin ya yi nasa ɗan gajere mai suna Les cow-boys sont noirs, inda ake ganin ƴan wasan, ma'aikata da ƴan ƙwadago na Yamai, suna son rigunan nan da gaske. Abin da Alassane ya gano shi ne kayan suna zuwa da dokarsu. Wanda ya rataya libarba sai ya nemi dalilin zaro ta. A Wyoming ta silima akwai mugun da ya cancanci harbi, marubuci ya tanade shi tun farko. A ƙauyen Jimi babu Wilson, babu Ryker, sai iyayensu da ƙannensu da tumakin maƙwabta, don haka a kansu abin ya ƙare.

Wani abu kuma da fim ɗin ya nuna ba tare da ya faɗa ba: cikin akwatin Jimi babu igiyar kiwo. Kaboyin gaskiya na shekarun 1870 ɗan ƙwadago ne mai bin shanun wani, yana kwana a ƙasa, yana shan ƙura wata biyu ko uku a kan hanya, albashinsa kaɗan, kuma masana tarihi sun nuna cewa da yawansu baƙaƙen fata ne da ƴan Meziko. Wanda ya yi kama da shi a ƙasarmu shi ne yaron Fulani mai malafa da sanda da goran ruwa, wanda yake kora garke daga Dallol ko Zabarma ya gangara kudu da rani. Samarin fim ɗin ba su ga kansu a jikin wannan yaro ba, silimar ma ba ta taɓa nuna musu wahalar kiwon ba. Ta tace aikin ta zubar, ta miƙo musu malafa da bindiga.

Iyaka ma tana cikin gadon kaboyi. A fina-finan Amurka, wanda ya yi laifi yakan tsallaka kogin Rio Grande ya shiga Meziko, mai bin sa ya ja linzami a bakin ruwa. Iyakar da ke kusa da Kurgu ita ma da tsere aka same ta. A 1894 Frederick Lugard, yana aiki wa kamfanin Royal Niger, ya yi rige-rige da Bafaranshe Decoeur zuwa Nikki don samun sa hannun sarkin Borgu, ya riga shi da ƴan kwanaki. Gardamar ba ta mutu ba sai da aka yi yarjejeniya a Paris ranar 14 ga Yuni 1898, aka tsaga Borgu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Daga baya Turawa suka cire Illo da Ka'oje daga Borgu suka haɗa su da Gwandu. Kyangawa da Dendawa da Fulani da Bokawa suka wayi gari dangi ɗaya a ƙasa biyu ko uku. Shanu dai ba su fasa bin burtalinsu ba, ƴan fito ba su fasa tuƙa kwalekwale ba, kuma duk wanda jangali ko aikin tilas ya dame shi a wannan gefe ya san hanyar wancan. A 1998 ƙungiyar ECOWAS ta tsara takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi. A ƙarshen 2019, lokacin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, Benin ta hana shigowar garkunan waje. Abin da waya mai ƙaya ta yi wa burtalin Texas, gonakin auduga da dokokin gwamnatoci suna yi wa na Segbana da Kandi a Benin.

Su kuwa ƴan wasan, kowa da inda rabo ya kai shi. Djingarey Maïga, wanda ya fito a fim ɗin, ya zama mai shirya fim, ya yi L'Étoile noire a 1976, kuma ya riƙe al'adar sa kalmar baƙi a sunan kusan duk fim ɗin da ya yi bayan nan. Zalika Souley, wato Reine Christine, ita ta fi shan wuya. Yarinya ce ƴar Yamai da ba ta kai shekara ashirin ba ta sa wando ta hau doki a gaban duniya, kuma mutanen gari ba su raba abin da ta yi a fim da halinta ba. Ta ci gaba da fitowa, har a Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, fim ɗin da ya fara cin babbar kyautar bikin fim na FESPACO a Wagadugu a 1972. A shekarun nan Nijar tana sahun gaba a fim ɗin Afirka. Da kuɗin yuraniyom suka ja baya, Ganda kuma ya rasu a 1981, harkar ta durƙushe. Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwar Zalika mai suna Al'lèèssi, inda aka gan ta a gidan haya a Yamai tana ɗibar ruwa, bayan ta wakilci ƙasarta a bukukuwan fim na duniya. Ta rasu a 2021.

Kaboyi da kansa bai tsaya wuri ɗaya ba, kuma hanyar da ya bi ya sake dawo mana tana da ban sha'awa. Akira Kurosawa na Japan ya yi Seven Samurai a 1954: ƙauyen manoma da ƴan fashi suke kwashe wa amfanin gona duk kaka ya ɗauko hayar mayaƙa bakwai. Amurkawa suka mayar da shi The Magnificent Seven a 1960, da Yul Brynner da Steve McQueen, ƙauyen ya koma Meziko. Indiyawa suka ɗebo daga nan da kuma fina-finan Leone suka yi Sholay a 1975, inda Thakur ya ɗauko ɓarayi biyu, Amitabh Bachchan da Dharmendra, su kama ɗan fashi Gabbar Singh. Wannan kam babu gidan kallon da bai nuna shi ba, daga silimun Kano da Sakkwato har rumfar zana mai janareto a kasuwar ƙauye. Yawancin waɗanda suka haddace Sholay ba su ɗauke shi fim ɗin kaboyi ba, alhali dawakin da duwatsun da harin jirgin ƙasa duk daga can aka gado su. Da fim ɗin Hausa na bidiyo ya kankama a Kano daga Turmin Danya a 1990, waƙa da soyayya ya ɗauka daga Indiya, ya bar dawakin. Abderrahmane Sissako ne ya sake taɓa zancen a fim ɗinsa Bamako na 2006, inda ya saka ɗan guntun fim ɗin kaboyi a Tumbutu, da Danny Glover a ciki, maharba baƙi da fari suna harbin mutanen gari ba dalili.

Labarin ƙauyen da ake sa wa harajin girbi ya daina zama na silima a Arewa maso Yamma. Manoman Zamfara da gabashin Sakkwato da wasu sassan Kebbi sun biya kuɗi kafin a bar su su yi shuka, sun sake biya kafin a bar su su girbe, babur kuma ya maye gurbin doki. Maganin da Sholay da The Magnificent Seven suka bayar, wato a samo masu bindiga na gefenmu, an gwada shi da sunan ƴan sa-kai, kuma a wurare da dama kisan da aka yi wa Fulani a kasuwanni ba shari'a ya ƙara wa wutar mai. Ba na cewa silima ce ta jawo wannan. Talauci da ƙarancin ƙasa da zalunci da makaman da suka malalo bayan faɗuwar Libiya a 2011 sun isa su yi bayani. Amma cikin duk fina-finan da na ambata, na Alassane ne kaɗai ya ajiye kyamararsa a gefen mutanen gari, ya tambayi yadda za a yi da yaron da aka haifa a gidan nan in ya rataya bindiga ya sake suna. A fina-finan Amurka mai bindiga yakan hau doki ya ɓace bayan ya gama aiki. Jimi da abokansa ba su da inda za su, garinsu ke nan.

Alassane ya ci gaba da aiki. Ya yi F.V.V.A. a 1972, kan ma'aikacin da burinsa mata da gida da mota da kuɗi, ya yi Toula a kan tatsuniyar budurwar da aka bayar don a sami ruwan sama, ya shugabanci sashen fim na Jami'ar Yamai shekara 15. Daga baya ya koma Tawa ya buɗe ɗan otal, ya mayar da wasu ɗakunan wurin aiki, yana ƙera ƴan tsana da kayan ɗaukar hoto da hannunsa irin na tsohon bakanike, yana koyon zane da kwamfuta da furfurarsa. Yakan ɗora majigi a mota ya zaga ƙauyuka yana nuna fim. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015. A 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya shirya bikin nuna fina-finansa, har da na Jimi da abokansa.